Mako Shida a Katsina: Daga Bakin Gado Zuwa Gaban Allo

Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna motarmu ta tashi daga tashar Ƙofar Ruwa, ranar wata Asabar a tsakiyar hunturu. Hazo ya lulluɓe Kano, direba na tafe da fitila a kunne kamar da asuba. Ina kujerar tsakiya da jaka a kan cinya. A cikinta akwai farin kayan aiki kala biyu, da agogon nan da muke maƙalawa a ƙirji, da wani littafi mai kauri da na yi wata guda ina cika shi da tsarin darasi. Kusa da ni wata dattijuwa ce za ta koma Charanchi daga barkar haihuwar jika. Ko Dawanau ba mu kai ba ta hango farin takalmina a cikin leda.

"Ɗiyata, malamar asibiti ce ke?"

"Eh, Iya."

"Mi za ki yi Katsina? Can aka maida ki?"

Na ce mata a'a, koyon malanta ne zai kai ni. Ta gyara zaman goron da ke bakinta, ta dube ni da kyau, ta ce, "Malama kuma ta koma koyon malanta?"

Da tambayar nan na wuce Bichi da Tsanyawa. Gaskiyarta ne. A bakin mutanenmu duk wanda ya sa farin kaya a asibiti malam ne, malamin asibiti, malamar jinya. Shekara goma sha uku ana kirana da sunan, a ɗakin mata, a ɗakin yara, a ɗakin haihuwa, alhali ban taɓa tsayawa gaban allo da alli a hannu ba. Na yi shekara uku a makarantar jinya, na ƙara wata goma sha takwas na ungozoma, daga baya na yi digiri ina aiki ina karatu, da goyo a baya. Abin da ya tura ni karatun da nake yi yanzu, wato difloma ta gaba da digiri a fannin koyarwa, wani dare ne da aka haɗa ni aiki da wata yarinya sabuwar fitowa. Likita ya rubuta ƙarin ruwa, na ce ta saita. Ta karanto mini ƙa'idar lissafin ɗigo da Turanci tiryan-tiryan, ko gyara ɗaya ba ta ci ba, sannan ta tsaya gaban ledar ruwan hannunta na rawa, ta rasa ta ina za ta fara. Ban yi mata faɗa ba, domin na tuna ni ma haka na fito. Tun daren nake tambayar kaina, wai a ina ilimin yake zubewa tsakanin aji da bakin gado?

Daga Kano zuwa Katsina wajen kilomita 170 ne. Mun tsaya a Gidan Mutum Ɗaya aka sauke buhuna, muka ratsa Kankiya, gonaki duk an girbe, sai karan dawa jingine da itatuwa da shanu suna kalar abin da ya rage. Iya ta sauka a Charanchi. Ta damƙa mini goro ɗaya a hannu, ta ce, "Allah shi ba da sa'a. Ki koya masu tausai, kin ji ko?"

Kafin azahar muka shiga Katsina. Na hau 'yar ƙurƙura, wadda mu a Kano muke kira adaidaita sahu, ta kai ni gidan Gwaggo can wajen Ƙofar Guga. Uwata take kirana, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ta gyara mini ɗakin 'yarta da aka aurar, ta ajiye kwaryar fura mai sanyi, ta ce in dai karatu ne ya kawo ni to kada ta ga hannuna a murhu har in tafi.

Ranar Litinin na kai takardata makarantar da aka tura ni gwajin koyarwa. Aka haɗa ni da wata tsohuwar malama da ta kusa ritaya, kowa Hajiya yake ce mata, gajeriya mai tabarau da igiya a wuya, ba ta ɗaga murya. Ta buɗe littafina, ta juya shafi uku, ta ce jibi in ɗauki 'yan aji biyu, darasin lissafin ƙarin ruwa. Na ji daɗi a raina, domin abin da ya kawo ni ke nan, kuma aiki ne da nake yi ko cikin magagin barci.

Ɗaliban sun haura hamsin, mata sun fi yawa, an toshe tagogi saboda ƙura. Darasin da na tsara wa minti hamsin, kafin minti ashirin na gama shi. Na rubuta ƙa'ida, na buga misali biyu, na juyo na ce, "Kun gane?" Suka haɗa baki, "Mun gane, Malama." Sai Hajiya ta taso daga bencin baya da ledar ruwa da robar ƙarin ruwa a hannu, ta rataya a ƙusar da ke jikin allo, ta ce wa zai fito ya saita wannan ya ƙare cikin awa huɗu. Ajin ya yi tsit. Babu hannu ko ɗaya a sama. A fuskokinsu na ga fuskar yarinyar nan ta daren aiki, har sau hamsin, kuma wannan karon ni ce na koyar.

A ofis ta zuba mini shayi daga fulas, ta bari na kurɓa, sannan ta ce, "Sista, aikin kin iya shi, wannan ba shakka. Amma hannunki ya riga bakinki sani. Abin da kike yi a taki guda, su taki bakwai ne a wajensu, ke kuma kin manta da shidan. Ki koma ki nemo su."

Na taɓa karanta wannan don cin jarrabawa. Wata masaniyar aikin jinya 'yar Amurka, Patricia Benner, ta bayyana a farkon shekarun 1980 cewa nas yana hawa mataki biyar daga ɗan koyo zuwa gwani, kuma gwani yakan kai inda ba ya bin ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, ido na gani hannu na aikatawa. Na haddace matakan, na ci makin. Sai a ofishin nan na fahimci cewa gwanintar da nake taƙama da ita ita ce ta shiga tsakanina da ɗalibai. Amfanin karatun malanta a wajen tsohon ma'aikaci ke nan: ya warware abin da shekaru suka dunƙule masa, ya shimfiɗa shi yadda mai tasowa zai iya takawa.

Daren na kwana ina warwara a kan tabarmar Gwaggo da fitilar waya. A karatunmu an nanata mana kada mu rubuta manufar darasi da cewa "ɗalibi zai gane", tunda ba a auna ganewa da ido. A rubuta abin da zai yi a gani: zai lissafa, zai saita, zai ƙirga. An kuma koya mana rabe-raben manufofin koyo da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fara fitarwa a 1956, wanda ni a raina nake kira kai da hannu da zuciya. Darasina na farko kai kaɗai ya taɓa, shi ma sama-sama.

Ranar Juma'a na shiga aji da ledar fiya wata. Na ɗaga na ce nawa ne a ciki. Suka duba jikinta, santilita 50, wato mililita 500, daidai da ledar ƙarin ruwan da ke rataye. Na ajiye Turanci gefe na ɗan lokaci. Na ce robar da ke hannunmu, ku karanta bayan takardarta, ɗigo 20 ne ke cika mililita ɗaya. To ledar nan ɗigo nawa ce gaba ɗaya? Wani yaro daga baya ya ce dubu goma. Awa huɗu minti nawa ne? 240. To a raba wa kowane minti rabonsa. Aka yi shiru ana rubutu, sai wata siririyar yarinya a layi na biyu ta ce a hankali, "Arba'in da biyu, in an cike." Na kira ta gaban allo, na cire agogon ƙirjina na ba ta. Ta murɗa ɗan tayan robar, ruwan ya zubo da gudu, ta mayar, ya tsaya cak, ta sake sassautawa kaɗan-kaɗan, duk ajin na ƙirgawa tare da ita. A daƙiƙa goma sha biyar ana neman ɗigo goma ko sha ɗaya. Sai a karo na huɗu ta samu. Bayan nan na mayar da komai cikin Turanci, na rubuta ƙa'idar a allo, domin jarrabawar Kansul, wato majalisar da ke kula da aikinmu, da Turanci ake yinta, kuma takardar mara lafiya da shi ake rubuta ta. Amma a ganina malamin da ya hana ɗalibi ya fara fahimtar abu da harshen da yake tunani da shi, ya cuce shi, ya kuma cuci majinyacin da zai zo hannunsa, wanda da Hausa zai faɗi inda ke masa ciwo.

Masu tambayata ta ina ake bi a zama mai koyarwa a makarantar jinya suna da yawa, har cikin ɗaliban. Majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wadda muke kira Kansul, an kafa ta a sigarta ta yanzu a 1979, ita ke ba da lasisin aiki da ake sabuntawa duk shekara uku, kuma tana yi wa masu koyarwa rajista ta daban. Su Hajiya ta kwas ɗin horar da masu koyar da jinya suka bi, irin wanda aka daɗe ana yi a Ibadan da Kaduna. Mu na baya, akasari digirin jinya muke fara yi, wanda Jami'ar Ibadan ta soma bayarwa a 1965, yanzu kuma akwai shi a Zariya da Kano da Sakkwato da Buɗaɗɗiyar Jami'a, sannan mu ɗora diflomar koyarwa a kai. Da yake ana mayar da makarantun jinya kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babba, wato ND da HND, digiri na biyu ma ya zama abin nema, wasu har na uku. A takarda hanyar a miƙe take. A zahiri kuwa sai ka nemi hutun karatu ka yi ta jira, kuɗin makaranta daga albashi, kundin bincike a kan gwiwa bayan yara sun yi barci, kuma wanda ya bar ɗakin majinyata ya koma aji yakan yi sallama da alawus ɗin aikin dare. Shi ya sa da yawa daga cikin gwanayenmu ba sa ko waiwayar allo.

Asabar ta biyu ɗan Gwaggo ya zaga da ni gari. Mun tsaya a gindin hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, muka wuce ta Ƙofar Soro. Inda na daɗe shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan tarihi ce. An fara karatu a cikinta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya ta zama Barewa a Zariya. Bangon ƙasa mai kauri, rufin azara, ciki da sanyi kamar randa. Kowa ya san Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan suka yi karatu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne makarantar horar da malamai ce, kuma dukansu biyu da suka fito aji suka shiga, ɗaya a Sakkwato, ɗaya a Bauchi. Na zauna a bakin wata ƙofa ina tunani. Shekara ɗari da suka wuce an gane cewa kafin a cika ƙasa da makarantu sai an fara samar da wanda zai tsaya a gaban allon. Mu a fannin lafiya har yau gini muke fara yi.

Ba da wasa na faɗi haka ba. A farkon 2024 magatakardan Kansul ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kusan 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Gwamnatin tarayya ta ƙara yawan ɗaliban da aka yarda makarantu su ɗauka, kuma abu ne mai kyau. To wa zai koyar da su? Ita kanta Kansul ba ta ƙara wa makaranta gurbi sai ta duba malamai nawa ne masu rajista, da ɗakin gwaji, da gadajen asibitin da za a koyi aiki. Hajiya ta ba ni labarin shirin nan na Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi tun 2012 a Katsina da Kano da Jigawa da Zamfara da Yobe, wanda ya riƙa ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka yana ba su shekara guda ta share fage kafin su shiga jinya ko ungozoma, ya kuma taimaka aka horar da mata masu koyarwa. Ta ce uban da ke ƙauye ya fi sakin 'yarsa in ya ji mata ne za su koyar da ita, su kuma lura da kwananta da tashinta. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin ni ma da mahaifina bai ga wata malama da ya amince da ita ba, da ban sa farin kaya ba.

A mako na huɗu na je Babbar Ruga, a kan hanyar Batsari. Da can asibitin kutare ne. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a farkon shekarun 1980, ya tarar da mata masu yoyon fitsari ba su da mai duba su, ya koma yi musu aiki, ya kuma horar da likitoci da nas-nas masu yawa. Yau cibiya ce ta ƙasa. Na ga matan zaune a inuwa suna tsefe wa juna kai, wasu ba su kai ƙanwata ta uku ba, kowacce da robar fitsari a gefen zani. Doguwar naƙuda ce ke jawo yawancinsa: kan ɗa ya tokare kwana biyu ko uku, ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, ya huje. Akwai takardar bin diddigin naƙuda da ake koya wa kowace ɗalibar ungozoma, mai layin gargaɗi da layin ɗaukar mataki. In ungozomar ƙauye ta iya cika ta da gaske, ta san lokacin da za ta ce a nemo mota, mace guda ta tsira. In kuwa haddace ta kawai ta yi don jarrabawa, to ga inda abin ke ƙarewa. Na koma gida ban iya cin tuwon dare ba. Gwaggo ba ta tambaye ni ba, ta dai turo mini kunun tsamiya ta zauna kusa da ni.

Sauran kwanakin sun tafi a kan abin da ba a gani daga waje: tsara tambayoyin da ba hadda kaɗai suke aunawa ba, duba takardu har ido ya yi ja, da shirya jarrabawar aiki da hannu, wadda ɗalibi ke bi tasha-tasha, a kowacce malami na riƙe da takarda yana duba ko ya wanke hannu, ko ya gaida majinyaci, ko ya nemi izini kafin ya taɓa shi. Akwai mutum-mutumin roba guda a ɗakin gwaji, hannunsa duk ya huhhuje da allura. A kansa suke koyo kafin a kai su ga mai rai.

Mako na ƙarshe aka ba ni ɗalibai shida in raka su ɗakin mata. Hajiya ta biyo mu. A gado na uku akwai wata matashiya mai ƙaramin ciki da amai ya galabaitar, leɓenta a bushe, uwarta na zaune a ƙasa da kwanon sha. An rubuta mata ruwa. Siririyar yarinyar nan ta layi na biyu ita ce a kan layi. Ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta durƙusa daidai fuskar matar ta ce, "Sannu Yaya, ruwa za mu sa maki. Za ki ji zafi kaɗan kamar cizon cinnaka, ki yi haƙuri." Ta ɗaure damtsen, ta shafa bayan hannun tana neman jijiya. Jijiyar ta kwanta saboda rashin ruwa. Ni daga inda nake tsaye na riga na hango wata mai kyau a gefen wuyan hannu, kuma ban san lokacin da hannuna ya miƙa zai karɓi kanular ba, wato allurar nan mai roba da ake bari a jijiya.

Sai na ji an riƙe mini gwiwar hannu ta baya. Hajiya ce. Ba ta dube ni ba, idonta na kan yarinyar. Ta raɗa mini, "Maida hannunki baya, Sista. In akwai haɗari ki shiga. In babu, bakinki ya isa."

Na haɗa hannuwana a baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Ban taɓa jin minti mai tsawo irin wannan ba. Na ce, "Sauke hannun ƙasa kaɗan, ki ce ta dunƙule ta buɗe. Duba ta wajen babban yatsa." Ta duba. Ta goge wurin da auduga, ta ja fatar da yatsa, ta kwantar da allurar ta shiga a hankali. Jini ya leƙo a gindin kanular. Ta tura robar, ta zare ƙarfen ta jefa a kwalin allurai, ta kwance ɗaurin, ta manna filasta. Goshinta ya jiƙe da gumi duk da sanyin da ake yi. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ledar, ta ciro agogonta, nata na kanta da ta saya a makon, leɓenta na motsi tana ƙirga ɗigo.

Uwar matar ta muskuta ta ce, "Sannu malama, Allah shi yi maki albarka." Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba ni take kallo ba. Yarinyar ta waiwayo ta dube ni, na gyaɗa mata kai, ta ce, "Amin, Inna. In kin ga wurin ya kumbura ko ruwan ya tsaya, ki kira ni."

Ranar tafiya Hajiya ta sa hannu a takardata ta rufe a ambulan, ta raka ni har bakin ƙofar makaranta. Ta ce in na samu aji nawa, kada in yarda mako ya wuce ban shiga ɗakin majinyata ba, domin malamin da ya daina jin warin asibiti labari zai koma bayarwa. Gwaggo ta cika mini leda da kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli, ta ce in gaida mai gidan da yaran, in kuma dawo da su hutun Sallah.

Hazo ya ɗan yaye a hanyar komawa. Da muka iso Charanchi na leƙa ta taga wajen da Iya ta sauka, sai masu rake da wata yarinya mai tallan awara. Goron da ta ba ni yana nan a aljihun jaka ya bushe. Na ciro littafina na ɗora a gwiwa, na buɗe darasin zubar jini bayan haihuwa da na rubuta tun a Kano, na ga a layi biyu na gama bayanin yadda ake murza mahaifa. Na nemi aron biro wajen na kusa da ni, na soke, na fara daga inda ake ɗora hannu.